Zumreta da Ƙafar da Ta Janye

A ƙauyen Brezik, in ka ji an ce a kira Zumreta, to saniyar wani ce ta kasa haihuwa. Ba a gayyatarta sulhu, don bakinta ya fi ƙarfin sulhu, kuma ko biki ta je takan tsaya ne a bayan gida tana leƙen dabbobin masu biki tana kushe kiwonsu. Amma babu ɗakin shanu a ƙauyen nan, har da ƙauyukan bayan dutse, da ba ta taɓa durƙusawa a cikinsa ba, hannunta na dama ya nutse har kafaɗa, kuncinta manne da cinyar saniya, idonta a rufe kamar mai sauraron magana ta bayan bango.

'Yar firit ce, kuma siririn hannunta ne ya jawo mata sana'ar. Tana budurwa gwaggonta, wadda ita ce ungozomar shanu kafin ita, ta kama damtsenta wata rana a bakin ruwa, ta juya shi ta sake juyawa, ta ce wannan hannu bai kamata ya ƙare a murza ƙullin fulawa na pita ba. Daga ranar ta riƙa jan ta duk inda aka kira ta. Ta koya mata abubuwa da yawa, amma guda ɗaya ta fi nanatawa. Kafin a ɗaura igiya, kafin kowa ya taɓa wuƙa, ki lalubo ƙafar maraƙin a ciki, ki sa yatsa a tsagar kofatonsa, ki mintsina da ƙarfi. In ƙafar ta janye, akwai rai, sai a bi a hankali komai tsawon wahala. In shiru, ki sake. Ki sa masa yatsa a baki ko zai tsotsa, ki taɓa idonsa. In duk shiru, to an rasa ɗan, uwar za a ceta, sai a fito da shi gunduwa-gunduwa. Zumreta ta riƙe wannan ƙa'ida fiye da yadda wasu ke riƙe sallah, Allah ya yafe mini.

A wajen irin wannan aiki ta haɗu da Hilmo. Saurayi ne a lokacin, mai faɗin ƙirji da ƙarancin magana, aka miƙa masa igiya a gidan kawunsa, shi kuma don ya burge yarinyar ya ja tun kafin ta ba da umarni. Ta zaro hannunta, ta juyo, ta wanke shi tas a gaban dattawa. Ta ce masa ƙaton banza, ta tambaye shi ko gungume ya ɗauka yake ja daga daji. Kunnuwansa suka yi ja. Kafin a sake yankan ciyawa ya aika neman aurenta, mutane suka ce zagin ne ya yi masa daɗi.

Tun daga nan igiyar ta zama tasa. Tana rataye a ƙusa bayan ƙofarsu, ta sha mai ta yi laushi, kuma duk inda aka kira Zumreta za ka ga Hilmo a bayanta da ita a kafaɗa. Ya koyi ja sai in saniya ta yi nishi, ya koyi sakewa da zarar matarsa ta ɗaga gira. Shi ne kuma mai yanka na ƙauyen. Da Babbar Sallah gida-gida yake bi yana yanka ragunan layya, in sanyi ya gabato kuma shi ke kayar da bijiman da za a yi banda da namansu. Masu tsokana sukan ce ita ke shigo da su duniya, shi ke raka su. Ladan da ta yarda da shi guda ɗaya ne: duk gidan da maraƙi ya fito da rai, washegari za a aiko mata da kwanon dakashi, nonon farko na saniyar, gasasshe, mai ɓawo ja a sama. Ita ba ta damu da shi ba. Hilmo ne ke zama da cokali ya share kwanon yana lumshe ido, tana ce masa mutumin da bai yi komai ba sai ja ya fi kowa ci.

'Ya ɗaya Allah ya ba su, Nermina, ta yi aure ta bi mijinta Ostiriya kamar yadda 'ya'yan kowa suka watse. Ƙauyen ya koma na tsofaffi da karnuka. Gayyar yankan ciyawa da a dā takan cika gangare da samari sai ta zama ta masu furfura, kowa na dafe da ƙugu. A irin wannan gayya, a gonar maƙwabcinsu Zaim, Hilmo ya ce shi zai hau saman tarin ingirici ya tattake, wai babu wanda ya iya zagaya sandar tsakiya kamarsa. Har yau ina jin haushin waɗanda suka tsaya suna dariya suka bar shi ya hau. Sandar tsohuwa ce, ta ruɓe daga gindi. Ya jingina da ita, ta karye, ya faɗo da baya a kan dutsen iyaka.

Ya daɗe a asibitin birni. Aka dawo da shi lokacin da ganyen itatuwa ya soma ja, aka shimfiɗa shi a gadon da ke jikin taga, daidai saman ɗakin saniyarsu Rumenka, don gidan irin na dā ne, mutane a sama dabba a ƙasa. Likitoci sun ce laka ta tsinke. Daga cibiya zuwa ƙasa ba ya jin komai, ƙafafunsa na kwance inda aka ajiye su. Zumreta ta ji abin da aka ce, ta gyaɗa kai, ta tattare hannun riga. Ita ke wanke shi, ita ke juya shi don kada bayansa ya yi gyambo, ita ke cicciɓar ƙaton mutumin nan in za a canja shimfiɗa, sai in matar Zaim, Subha, ta samu sarari ta kama mata. Ta saƙa masa safa mai kauri ta ulu, kowace safiya ta cire, ta shafa wa ƙafafun mai, ta mayar.

Shi kuwa ya juya fuska bango. Abinci sai ta yi masa faɗa yake kai loma biyu. Wata rana ya waiwayo ya gan ta riƙe da dokin ƙofa, ta kasa miƙewa bayan ta ɗaga shi, tana cije leɓe don kada ya ji. Da ta sauka tatsa ya kira Nermina a waya, uba da 'ya suka gama shawara: za a kai shi gidan jinya a birni inda akwai ƙarti masu ɗagawa, a sayar da saniya, Zumreta ta tafi wajen 'yarta ta huta. Ya jira ta zuba gahawa a finjali sannan ya gaya mata.

Ta ƙeƙasa ƙasa. Ta kira shi ƙaton banza, ta ce su biyun da 'yarsa ba su isa ba. Ya bar ta ta gama.

"Tsohuwa, kin san ƙa'idar," ya ce. "Ke kika koya mini. In ɗan ya mutu a ciki, uwar ake ceta."

"Wato ni ce saniyar."

"Ke ce. Mai harbi ma."

Ta so ta yi dariya, sai kuka ya taso mata, ta haɗiye duka biyun da gahawa mai zafi. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne da nata makamin ya sare ta. Iyakar abin da ta samu daga gare shi shi ne jinkiri. Rumenka na da ciki, za ta haihu a ƙarshen sanyi, Zumreta ta ce ba za ta sayar da saniya da ɗa a ciki ga baƙon hannu ba. Ya yarda a jira haihuwar, amma ya sa ta rantse cewa bayan haka ba za ta ƙara musu ba.

Dusar ƙanƙara ta fari ta sauka. Wata safiya tana shafa masa mai, ranta a ɓace, tana tuna maganarsa ta ɗa matacce, sai yatsunta suka yi abin da suka saba tun tana budurwa. Ta sa su tsakanin babban yatsan ƙafarsa da na kusa da shi, ta mintsina da ƙarfi. Ƙafar ta fizge daga hannunta, gwiwa ta lanƙwashe, bargo ya motsa.

Zumreta ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tashi, ta miƙar da ƙafar, ta sake. Ta sake janyewa. Ta koma ɗaya ƙafar, ita ma haka.

"Hilmo," ta ce, "ta janye."

Ya ɗaga kai ya dubi gwiwarsa, sannan ya dubi fuskarta, ya daɗe yana dubanta. Ya ce haka ne? Ya ce to, Allah mai iko.

Kafin azahar babu gidan da bai ji ba. Ta fita ko mayafi ba ta ɗaura da kyau ba, ta ƙwanƙwasa wa Subha, ta tare liman a hanya, ta tuƙa alewar gari ta raba gida-gida kamar an yi haihuwa. Ta ciro takalmansa na fata daga ƙarƙashin matakala, ta goge su da kitse, ta jera su kusa da murhu inda zai riƙa ganinsu. Ta kira Nermina ta ce a manta da zancen gidan jinya, ubanta zai taka da ƙafarsa kafin yankan ciyawa. Nermina ta fashe da kuka, uwar ta ɗauka na murna ne. A ƙauyen akwai waɗanda jikinsu bai ba su ba, amma kowa ya kama bakinsa. Wa zai yi musu da Zumreta a kan maganar ƙafa? Wannan alamar ba ta taɓa yi mata ƙarya ba, tun daga maraƙinta na farko.

Kowace safiya sai ta mintsina, kowace safiya ƙafar ta janye, ta sanar da shi, shi kuma ya ce madalla. Ya ɗan ƙara cin abinci. Ita kuma ta koma yin wani abu da ta bari tun ranar gayya: in ta sauka tatsa takan yi 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, mara daɗi, don Allah bai ba ta murya ba.

Mirsada, likitar dabbobi ta gunduma, ta hau ƙauyen a wani ɗan sararin da hanya ta buɗe, don yi wa shanu allura. Da farkon zuwanta yankin sun sha kai ruwa rana da Zumreta, har ranar da suka durƙusa tare a bayan wata karsana, kowacce ta ga hannun 'yar'uwarta. Tun daga nan take ce mata Inna. Zumreta ta ja ta sama tun ba ta ajiye jaka ba, ta cire safar Hilmo, ta nuna mata abin al'ajabi. Mirsada ta kalla. Ta tambayi Hilmo ko ya ji, ya ce bai ji ba tukuna. Ta shanye gahawarta har ƙasan finjali, ta ce su sauka ta ga saniya.

A ƙasa ta zuba wa Rumenka dusa, ta jira ta nutsa kai a kwami, sannan ta ɗauki tsinke ta caki fatar da ke saman kofaton baya. Ƙafar ta ɗage nan take, ɗayar ta ƙage ta ɗauki nauyi, sai bayan haka saniyar ta juyo da kai tana tauna, tana neman wanda ya taɓa ta. Mirsada ta ce Inna ta lura da wanda ya riga. Ta ce zafin yakan bi jijiya ya shiga laka, lakar ba ta jiran kai, ita da kanta take ba da umarni a janye wannan ƙafa a tokare da waccan, daga baya labari ya hau sama dabba ta san an cake ta. Shi ya sa kare ke harba ƙafa in an sosa masa haƙarƙari ba da niyyarsa ba. Ta ce abin kamar Brezik ne in dusar ƙanƙara ta rufe hanya: ana ci gaba da tatsa da gasa burodi, amma birni bai san ana yi ba, saƙon birni kuma ba ya isowa.

Zumreta ta tambaya me ya sa da aka dawo da shi ƙafar ba ta motsi. Mirsada ta ce laka in ta bugu takan suma na wani lokaci, daga baya ɓangaren ƙasa ya farfaɗo ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai. Zumreta ta ce, to maraƙi fa? Mirsada ta ce shi ma lakarsa ce ke amsawa, kuma alamar gaskiya ce, jini na gudu, akwai rai.

"To Hilmo ma akwai rai," in ji Zumreta.

"Akwai, Inna. Ƙafar tana da rai. Amma ba shi ne ke janye ta ba, kuma ba zai taka ta ba. Da zan iya yi miki ƙarya da na yi."

Zumreta ba ta zage ta ba, wanda hakan ya fi tayar wa Mirsada da hankali. Ta dafa ƙugun saniya ta tsaya. Tun likitar ba ta rufe baki ba ta gane ba sabon abu aka gaya mata ba. Sau nawa saniya ta take ta kafin ta waiwayo? Ta sani a hannunta, zuciyarta ce ta ƙi tambaya. Ta ji kunyar alewar da ta raba, ta ji tausayin kanta, amma abin da ya fi nauyi shi ne yadda za ta hau sama ta ƙwace wa mutumin nan abin da ita da kanta ta ba shi.

Washegari ta cire safa, ta shafa mai, ta mayar da safa. Ta miƙe za ta ɗora ruwa.

"Yau ba ki mintsina ba," in ji Hilmo.

Ta ce ta ina ya sani, tunda ba ji yake ba? Ya ce bargo bai motsa ba, kuma tun jiya ba a yi waƙa a ƙasa ba. Ta zauna a bakin gado ta juya masa baya, ta soma kwashe masa abin da likita ta ce, tana tuntuɓe a kan kalmomin. Bai bar ta ta yi nisa ba.

"Zumreta, raguna nawa na yanka a garin nan? Kai na gefe guda, ƙafa na harbi. Har haƙorin Zaim wani rago ya fasa bayan na gama da shi. Tun ranar farko na sani."

"Ka sani, ka bar ni ina yawo da alewa kamar mahaukaciya?"

"Na ji kina waƙa," ya ce. "Waƙar ba daɗi, amma na yi kewarta."

Ta kifa kai a ƙirjinsa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da ya faɗo, yana shafa mata kai da ƙaton hannunsa. Da ta yi shiru ya ce mata a hankali cewa maganarsu tana nan, in Rumenka ta haihu. Da rana ta ɗauke takalman daga gefen murhu ta mayar ƙarƙashin matakala, ya ga ta ɗauke, ya koma kallon bango, abincinsa ya sake komawa loma biyu.

Naƙudar ta zo da hantsi, bayan dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba ta rufe hanya. Mirsada ta ce a waya ko tarakta ba za ta hau ba. Zaim na birni wajen ɗansa, sauran mazan ƙauyen kuwa in sun ja igiya su za a ɗauka. Zumreta ta wanke hannu ta shafa mai ta shiga, ta tarar ƙafa ɗaya ce ta miƙo, ɗayar ta lanƙwashe baya, ga ɗan ƙato. Ta yi fama har ta gyara ƙafar, zufa na ɗiga daga haɓarta cikin sanyin nan, saniya ta gaji ta kwanta. Ita da Subha suka gwada ja, ko gezau. Sai suka ji ana buga daɓen sama da sanda. Hilmo ne, duk abin da ake yi yana ji ta tsakanin katako, yana cewa su zo su sauko da shi kafin su kashe masa saniya.

Yadda tsofaffin mata biyu suka sauko da mutumin nan abin dariya ne da ban tausayi. Suka mirgina shi a bargo, suka ja shi zuwa ƙofa, suka ɗora shi a katakon da ake jan itace a kan ƙanƙara, suka zagaya gangaren gida da shi, Subha na salati, shi yana ba da umarni kamar mai tuƙin jirgi. Suka zaunar da shi a kan ingirici bayan saniya, suka ɗaure ƙugunsa da ginshiƙi da ɗamarar doki, Subha ta tokare masa ƙafafu da gungume ta zauna a kan gwiwoyinsa. Ya karɓi igiyarsa, ya shafa ta, ya naɗe a hannu. Sannan ya dubi yadda saniyar ta galabaita ya ce an daɗe, ta duba tukuna, in babu rai a kawo masa wuƙa.

Zumreta ta kwanta a gefenta ta zura hannu. Ta lalubo tsagar kofato ta mintsina. Shiru. Yatsunta sun yi sanyi sun gaji, ta tattara abin da ya rage mata ta sake, har farcenta ya lanƙwashe. Idonta a rufe, ɗakin ya yi tsit, sai numfashin saniya. Can ta ji ɗan kofaton ya zame daga yatsunta, a raunane, amma da kansa.

"Ta janye?" in ji Hilmo.

"Ta janye."

Ta ɗaura igiyar. Ya jira nishi ya ja, ta ɗaga gira ya saki, kamar ba a taɓa katsewa ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ginshiƙi na ƙara, Subha na riƙe da gwiwoyinsa tana cewa yi haƙuri Hilmo kamar yana jin nauyinta. Kai ya fito, kafaɗa ta tsaya, Zumreta ta ce ƙasa-ƙasa, ƙaton banza, ba sama ba. Ya karkata ya ja, maraƙin ya sulɓo gaba ɗaya har kan cinyarsa, jiƙe, yana tururi. Ba ya numfashi. Hilmo ya share masa hanci da yatsa, ya tsokane shi da karan ciyawa, ya goga haƙarƙarinsa da ingirici, har abin ya yi atishawa ya girgiza kunne.

Suka zauna su uku suna haki. Rumenka ta juyo ta soma lasa. Maraƙin ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi, ya kife. Hilmo ya ce ya sha matsa da yawa, wa ya sani ko zai tsaya.

"Ban sani ba," in ji Zumreta, tana goge hannu. "Ban taɓa sani ba. Duk shekarun nan da nake mintsini, ba tambaya nake ko zai yi gudu ba, ko zai ja garma. Abu ɗaya nake tambaya, akwai rai? In ta janye, ba na yanka. Wannan ce ƙa'idar, Hilmo. Kai ka karanta ta a karkace, ni ma na ƙara mata abin da babu. Na rantse ba zan yi musu ba, kuma ba musu nake ba. Amma kada ka ƙara ce mini matacce."

Ya dubi tafin hannunsa inda igiya ta yi shata, ya buɗe ya rufe. Subha ta sami abin yi a bakin ƙofa. Zumreta ta kwance igiyar daga ƙafar maraƙi, ta soma naɗe ta don ta mayar ƙusa, ta san daga nan sai kiran Nermina.

Ya ce kada ta rataye ta. Ya ce ta wanke ta da ruwan zafi, in Zaim ya dawo ya ɗaura ta a azarar da ke saman gado, ya yi mata ƙulli-ƙulli. Mutumin da ya jawo wannan ƙaton, in ji shi, ai ya iya jawo kansa daga filo, ba sai wata tsohuwa ta karya bayanta ba. Sauran kuma a gani.

Maraƙin ya tsaya kafin magariba, yana tangaɗi. Zumreta ta tatsi dakashi bayan ya sha nasa, ta gasa da safe har ya yi ɓawo ja, karo na farko a rayuwarta da ta biya kanta lada. Nermina ta yi faɗa a waya, ta yi kuka, daga baya ta aiko da keken guragu, Zaim kuma ya kafa katako daga ƙofa zuwa ɗakin shanu. Ba a sayar da Rumenka ba. Takalman fata Zumreta ta ba Zaim, sun yi masa yawa, yana cusa tsumma a ciki. Bayanta bai daina ciwo ba, akwai kuma ranakun da Hilmo ke komawa kallon bango, ba zan ɓoye ba.

Amma in ka bi ta gindin tagarsu da sassafe za ka ji igiya na ƙara a azara, ka ji gado ya amsa, ka san ya tashi zaune da kansa. Ita kuma ta cire safa, ta shafa mai, ta sa yatsu inda ta saba. Shi yakan rufe ido da gangan don kada ya ga bargo, ya bar mata labarin.

"Ta janye?"

"Ta janye."

"To, kawo gahawa."